Shiri Na 38: Yadda Na Miƙe Lanƙwasasshen Sifes Ɗin Kibod Ɗina Da Ruwan Zafi

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari su saurari muryar ba, da kuma 'yan uwanmu masu lalurar ji.

Mutane da dama sun yi min magana ta inbos suna tambayar me ya sa rubutun makon jiya ya makara har kwana uku. To, laifin wani ɗan guntun roba ne da bai kai tsawon tafin hannu ba. Sifes nake nufi, dogon madannin nan na ƙasan kibod wanda babban yatsa ke bugawa don raba kalma da kalma. Ni nake buga rubutun nan da hannuna, kuma kun san Hausa cike take da gajerun kalmomi: da, na, ya, ta, a. Kusan duk bayan harafi uku ko huɗu sai ka taɓa sifes. Nawa kuwa in na danna shi sai ya maƙale a ƙasa, in ga fili yana ta tafiya a kan allo, ko kuma ya ƙi shiga gaba ɗaya kalmomi su manne da juna. Na gyara shi ba tare da na kashe ko sisi ba, shi ya sa na ce yau bari mu zauna a kansa.

Da farko mu fahimci irin kibod ɗin da nake magana a kai. Yawancin waɗanda muke gani a ofis da wuraren buga takardu, shimfiɗar roba ce guda ɗaya a ƙarƙashin dukkan madannan. Wanda ake kira makanikal kuwa, kowane madanni da ɗan injinsa, mai sifirin a ciki, ana ce masa suwic. Mafi shahara shi ne samfurin MX na kamfanin Cherry na ƙasar Jamus, wanda ya fito tun shekarun 1980, kuma yau kamfanoni da yawa, musamman a China, suna ƙera irinsa. A saman suwic ɗin akwai ɗan tsini mai siffar alamar tarawa, a kansa ake ɗora robar da yatsa ke taɓawa. Wannan robar ni hula nake ce mata, don ana cire ta a mayar kamar hula.

Nawa na hannu ne, na saye shi da ɗan abin da na tara lokacin bautar ƙasa. Ƙafar sifes ɗinsa ta asali ta tsage, sai na yi odar sabon saitin huluna, na jira sati uku kafin su iso. Duk sauran suka zauna daram, sifes kaɗai ya zo a lanƙwashe kamar ayaba. In sake odar wani? Ba a cika sayar da shi shi kaɗai da launin da zai dace ba, kuɗin saiti guda kuma ya fi ƙarfin aljihuna a wannan watan.

Me ke sa ya lanƙwashe? Hulunan nan galibi da roba iri biyu ake yin su, ABS da PBT. Ana narka robar ne a ɗura ta cikin mazubi, ta huce ta daskare. PBT ta fi ABS tsukewa a lokacin hucewa, kuma ba dole ne ko'ina ya huce a lokaci ɗaya ba. A ƙaramin madanni ba za ka lura ba. Amma faɗin madanni ɗaya milimita 19 ne da ɗoriya, sifes da aka fi amfani da shi kuma ya ninka haka sau shida da kwata, wato kusan santimita 12. A wannan tsawon, 'yar tsukewa kaɗan ta isa ta karkatar da shi. Zafi ma yana yi bayan an saya, misali in ka bar kibod a cikin mota a rufe da tsakar rana a watan Afrilu.

Abin da ke sa 'yar lanƙwasar ta zama matsala shi ne, sifes ƙafa uku gare shi. Ta tsakiya tana zama a kan suwic, biyun gefe kuma a kan wasu 'yan sanduna da siririyar waya ta haɗa su ta ƙasa. Aikin wayar shi ne ko ta wane gefe ka danna, duk madannin ya sauka tare. Dole ƙafafun nan uku su kasance a layi ɗaya. In robar ta lanƙwashe sai ta ja sandunan gefe su karkace, su riƙa gogar bangon gidansu. Sifirin ɗin suwic kuma ba wani ƙarfi gare shi ba, jan suwic na Cherry misali nauyin kusan giram 45 ke danna shi. Da zarar gogayya ta fi ƙarfinsa, shi kenan, madanni ya sauka ba zai taso ba.

Kafin ka ɗora ruwa a wuta, tabbatar da cewa robar ce mai laifin. Zare kibod daga kwamfuta. Cire sifes a hankali, kana ɗaga gefe da gefe kaɗan-kaɗan, kada ka fizge shi daga ɓangare ɗaya. In ba ka da abin cirewa, lanƙwasa kilif ɗin takarda guda biyu su yi ƙugiya. A kula, akwai tsofaffin kibod da wayar ke saƙale a jikin hular kanta, irin waɗannan sai an zame wayar tukuna, in ka ja da ƙarfi za ka karya maƙalin.

Sai ka samu wuri mai shafe sosai, madubi ko gilashin tebur ko tayil. Teburin katako yana ruɗi, don shi ma sau da yawa ba a miƙe yake ba. Ajiye sifes a kai yadda yake zama a kibod, ka sunkuya ka duba ta gefe. Abu uku za ka iya gani. Ko tsakiya ta taɓa gilashi, bakin biyu sun ɗaga, in ka danna gefe ɗaya ɗayan ya tashi. Ko bakin biyu sun taɓa, tsakiya ta yi doro har kana hango haske ta ƙasa. Ko kuma ya murɗe, kusurwa ɗaya ce kawai a sama. In kuwa ya kwanta lafiya lau, to bar shi, matsalar tana wajen waya, zan zo kanta.

Abu na biyu, san irin robarka, domin a nan ne ake yin asara. ABS tana da santsi, kuma in ta daɗe ana amfani da ita sai ta yi ƙyalli kamar an shafa mata mai. PBT tana da ɗan kaushi, ba ta saurin ƙyalli, ta fi nauyi, in ka ƙwanƙwasa ta sautinta ya fi kauri. Sau da yawa ma an rubuta a jikin kwali. PBT ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 220, saboda haka tafasasshen ruwa laushi kawai zai sa ta yi. ABS kuwa tana sakin jiki a wajen digiri 105, kuma tun kafin a kai nan take fara sauya siffa, ruwa kuma a 100 yake tafasa, kun ga tazarar ba ta da yawa. Wani abokina mai shagon buga takardu da ya ji labarina ya je ya jefa nasa na ABS cikin tukunya tana tafasa. Ramin ƙafar ya buɗe, har yau ba ya kama suwic. In taka ABS ce, ko ba ka tabbata ba, sauke ruwan tun lokacin da ƙananan kumfa suka fara taruwa a gindin tukunya.

Kayan aiki duk suna gida: kwano mai faɗin da sifes zai kwanta a ciki, ruwan zafi, cokali mai yatsu na tsamowa, madubin nan, tsohon katin ATM, ƙyalle mai laushi, da abu mai nauyi. Ni dutsen guga na ɗauka, mai sanyi fa, da manyan littattafai biyu.

Ga yadda na yi. Na tafasa ruwa na juye a kwano, ban saka robar cikin tukunya a kan wuta ba, don gindin tukunya ya fi ruwan zafi nesa ba kusa ba. Na saka sifes ya nutse, na bar shi kamar minti huɗu. Kafin nan na riga na shirya madubi da kati, saboda da zarar ka tsamo shi yana fara hucewa, ba ka da lokacin neman kaya.

Amfanin katin shi ne, roba tana da halin komawa inda ta saba. In ka danne ta ta miƙe daidai, da ka ɗaga nauyin za ta ɗan koma baya. Don haka ana ɗan zarce da ita zuwa ɗaya ɓangaren. Kaurin katin ATM bai kai milimita ɗaya ba, 0.76 ne, kuma yawanci ya wadatar. In bakin biyu ne suka ɗaga, kamar nawa, katin a tsakiya zai shiga, nauyi kuma a kan bakin biyu. Yanka katin gida biyu ka sa dama da hagun ƙafar tsakiya, yadda bangon hular ne zai hau kai, kada nauyi ya sauka a kan ƙafar. In tsakiya ce ta yi doro, sai ka juya lissafin: kati a ƙarƙashin kowane baki, nauyi a tsakiya. In murɗewa ce, ba ruwanka da kati, shimfiɗa littafi mai tauri a kansa gaba ɗaya ka ɗora nauyi. Ko wanne ne, sa ƙyalle tsakanin robar da nauyin don kada fuskar ta karce.

Sai haƙuri, kuma a nan na faɗi jarrabawa karon farko. Bayan minti goma na ɗaga, na ga ya miƙe, na yi ta murna. Kafin in gama shan shayi ya koma ayabarsa. Karo na biyu sai na yi fushi na jera kati uku, ya zarce, tsakiya ta koma ta yi doro. A na uku ne na dawo da shi da kati ɗaya, na bar shi a danne tun bayan isha'i har asuba. Da safe na ɗora a madubi, ko motsi ba ya yi. Shawarata, fara da kati ɗaya, ka bar shi aƙalla awa ɗaya, kwana ya fi. Gara ka maimaita sau uku a hankali da ka matsa masa sau ɗaya ya tsage.

Kada ka mayar da shi sai ya bushe sarai. Ruwa yana ɓoyewa a cikin ramukan ƙafafun, in ya ɗiga cikin suwic ka sayi wata matsalar. Karkaɗe shi, ka bar shi a inuwa ya sha iska. Wajen mayarwa, daidaita ƙafafun uku, ka danna tsakiya, sannan gefe da gefe har ka ji sun zauna.

Wasu za su ce me zai hana a yi da na'urar busar da gashi, ko abin hura zafin nan na masu gyaran waya? Ta busar da gashi tana yi, in kana yawo da ita daga wannan baki zuwa wancan ba tsayawa. Ta masu gyaran waya kuwa an yi ta ne don narka dalma, zafinta yana haura digiri 300, cikin daƙiƙu za ta ƙona maka fuskar robar. Ruwa ya fi aminci saboda yana dumama ko'ina daidai kuma ba ya wuce 100. Sannan don Allah kada a goge hula da ruwan cire jan farce, sinadarin asiton da ke cikinsa yana narka ABS.

To, wanda nasa ya kwanta daidai a madubi amma har yanzu yana maƙalewa ko yana ƙara fa? Duba sandunan gefen nan. Ɗaga ɗaya da yatsa, ya kamata ɗayan ya biyo shi. In bai biyo ba, wayar ta fita daga maƙalinta, sai a mayar. In wayar ce ta karkace, ita ma a madubi ake gwada ta, a miƙe ta da filaya a hankali, sai dai a wasu kibod ɗin sai an kwance su kafin a kai gare ta, wannan kuma gara a kai wa mai gyara in suwic ɗin a like suke da dalma. Wani lokaci ƙura ce kawai, musamman da hunturu. Buroshin haƙori busasshe ya isa, sannan a ɗan shafa giris na silikon a bakin wayar, kaɗan ƙwarai. Ban da man gyaɗa, ban da man inji, ƙura suke tarawa su yi danƙo.

Wannan rubutun da kuke karantawa da shi na buga, sati guda kenan bai sake maƙalewa ba, alhamdulillahi. Wanda ya gwada ya faɗa mana a kwament yadda ta kaya, wanda kuma bai gane irin lanƙwasar nasa ba ya ɗauki hotonsa a kan madubi ta gefe ya turo, za mu duba tare. A kula da ruwan zafi, a nisanta shi da yara.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.