'Yan kwangilar ɗumama da sanyaya gidaje a Amurka

'Yan kwangilar ɗumama da sanyaya gidaje su ne kamfanoni da masu sana'ar da ke sayar da na'urorin ɗumama ɗaki da na sanyaya ɗaki, su girka su, su gyara su, su kuma riƙa duba lafiyarsu a gidaje da ofisoshi da shaguna. A Amurka ana kiran sana'ar da HVAC a taƙaice. Yawancin masu yin ta ƙananan kamfanoni ne na iyali da ke aiki a gari ɗaya da kewayensa. Kasuwar tana da girma: binciken hukumar tattara bayanan makamashi ta Amurka na shekarar 2020 ya nuna kusan kashi 88 cikin ɗari na gidajen ƙasar suna amfani da na'urar sanyaya ɗaki.

Tarihi

Ana danganta na'urar sanyaya ɗaki ta zamani ga injiniya Willis Carrier, wanda ya tsara ta a 1902 domin rage danshi a wata maɗaba'a da ke Brooklyn. Da farko masana'antu da gidajen sinima da manyan kantuna ne suka fi amfani da ita. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta shiga gidajen jama'a, abin da ya taimaka wajen ƙaruwar mutane a jihohi masu zafi kamar Florida da Texas da Arizona.

Yadda kasuwar take

Kamfanoni irin su Carrier, Trane, Lennox, Rheem da Daikin ne ke ƙera na'urorin. Daga wurinsu kaya ke zuwa hannun manyan dillalai kamar Watsco, sannan su isa ga ɗan kwangila. Mai gida ba ya sayen babbar na'ura daga masana'anta kai tsaye, domin girka ta na buƙatar shimfiɗa bututun iska, haɗa wuta da zuba gas.

Ɗan kwangila yana samun kuɗi ta hanyoyi uku: girka na'ura a sabon gini, maye gurbin tsohuwa, da gyara ko duba lafiya. Aikin sabon gini yana hawa da sauka ne tare da harkar gine-gine da kuɗin ruwa na banki. Maye gurbi ya fi ɗorewa, domin na'ura kan yi shekara 15 zuwa 20 ne kafin ta gaji, kuma wanda tasa ta mutu a tsakiyar zafi ko a tsananin hunturu ba ya iya jira.

Babbar matsalar sana'ar ita ce yanayi. Idan zafi ko sanyi ya tsananta, waya ba ta daina ƙara, ma'aikata ba sa isa. Idan yanayi ya daidaita kuwa, aiki ya ja baya, ga albashi da kuɗin motoci suna jira. Yawancin dabarun tallan 'yan kwangila an gina su ne domin cike wannan giɓi.

Sauye-sauye a kasuwar

Canjin gas. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka yi ta janye sinadaran da ke lalata rufin ozon. A Amurka an daina sarrafawa da shigo da gas ɗin R-22 daga 1 ga Janairu 2020. Wanda ya gaje shi, R-410A, ba ya taɓa ozon, amma ƙarfinsa na ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon sau dubu biyu da wani abu. Bayan gyaran Kigali na 2016, Amurka ta kafa dokar AIM a Disamba 2020, wadda ta tanadi rage irin wannan gas da kashi 85 cikin ɗari zuwa 2036. Daga farkon 2025 sababbin na'urorin gida da ake ƙerawa sun koma amfani da R-454B ko R-32. Waɗannan suna iya kama wuta kaɗan, don haka dole ma'aikata su sami sabon horo da kayan aiki.

Famfon zafi. Wannan na'ura ce da ke jawo zafi daga waje zuwa cikin gida da hunturu, ta kuma fitar da shi waje lokacin zafi, wato na'ura ɗaya tana aikin biyu. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera na'urorin, AHRI, sun nuna cewa a 2022 an fitar da famfunan zafi fiye da murhunan gas na ɗumama gida. Dokar rage hauhawar farashi ta Agusta 2022 ta ba masu gida rangwamen haraji na kashi 30 cikin ɗari, har zuwa dala 2,000, amma wata doka ta Yuli 2025 ta kawo ƙarshensa a ƙarshen shekarar.

Cin wuta. Daga Janairu 2023 aka ɗaga mafi ƙarancin ingancin da ake yarda da shi, ƙarƙashin sabon ma'aunin da ake kira SEER2. Na'urori sun ƙara tsada, amma suna rage kuɗin wuta.

Ma'aikata da mallaka. Doka ta wajabta wa duk mai taɓa gas ɗin sanyaya ya mallaki takardar shaida ta hukumar kare muhalli, EPA. Ƙwararru da yawa suna tsufa, kuma kamfanoni na kukan ƙarancin masu maye gurbinsu. A lokaci guda manyan masu zuba jari suna sayen ƙananan kamfanoni suna haɗe su, galibi su bar musu tsohon sunan da mutanen gari suka sani.

Dabarun talla

Yarjejeniyar duba lafiya. Mai gida yana biyan kuɗi kaɗan duk wata ko duk shekara, kamfani kuma ya zo sau biyu a shekara, kafin zafi da kafin hunturu. Wannan yana ba ma'aikata abin yi lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Sannan ranar da na'urar ta mutu, wanda ya saba zuwa gidan shi za a fara kira.

Intanet. Mai neman gyara cikin gaggawa yakan duba waya ya kira ɗaya daga cikin sunayen farko da ya gani. Saboda haka 'yan kwangila suna kula da bayanansu a taswirar Google, suna kuma sayen tallan da ake biya bisa yawan masu kira. Wasu suna samun ciniki ta shafuka kamar Angi, Yelp da Nextdoor. Ana auna kowace hanya da lissafi mai sauƙi: nawa aka kashe, kira nawa aka samu, nawa daga ciki suka zama aiki.

Shaidar abokan ciniki. Baƙo ne za a bari ya shiga gida, kuma mai gida ba ya iya tantance ingancin aikin da idonsa. Shi ya sa yabon maƙwabci da ra'ayoyin da ake rubutawa a intanet suke da nauyi. Motar kamfani mai suna da lambar waya a jiki, da ma'aikaci mai tsafta da ya zo kan lokaci, su ma talla ne.

Biya kaɗan-kaɗan. Sabuwar na'ura ta gida baki ɗaya tana cin dubban daloli, kuma buƙatarta kan zo ba shiri. Kamfanoni suna haɗa kai da masu ba da rance domin a biya wata-wata, suna kuma gabatar da zaɓi uku: mai araha, matsakaici da mai tsada.

Ilimantarwa. Yayin da dokokin gas da na haraji ke canzawa, ɗan kwangilar da ke iya yi wa mai gida bayani a sauƙaƙe yana samun amincewa kafin a kai ga maganar farashi.

Ƙorafe-ƙorafe

Ana zargin wasu kamfanoni da matsa wa mutane su sayi sabuwar na'ura alhali tsohuwar tana gyaruwa, musamman inda ake ba ma'aikaci kamasho a kan abin da ya sayar. Wata matsalar ita ce girka na'urar da ta fi ƙarfin gidan: tana kunnawa tana kashewa a kai a kai, ba ta cire danshi yadda ya kamata, kuma tana saurin lalacewa. Domin kauce wa haka, ƙungiyar 'yan kwangila ta ACCA tana da ƙa'idar lissafi mai suna Manual J, wadda ke duba girman gida, tagogi, rufi da yanayin garin kafin a zaɓi na'ura. Game da yabon ƙarya kuwa, hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta fitar da ƙa'idar da ta fara aiki a Oktoba 2024, wadda ta haramta saye ko sayar da ra'ayoyin bogi, tare da tanadin tara ga wanda ya karya ta.