Zazzaɓi ya sauka, saura hankalin Baba

A ƙauyukan Bebeji da Kiru, idan dattijo ya kwanta jinya ya wayi gari bai gane 'ya'yansa ba, yana kiran waɗanda suka daɗe da rasuwa, yana tsinkar bakin tabarma, ɗayan biyu ake cewa: ko gigin tsufa ya kama shi, ko iska ta taɓa shi. Sau da yawa ba ko ɗaya. Likitoci na kiran abin diliriyam, ruɗewar da ke faɗo wa mutum cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, ta lafa da hantsi ta tsananta bayan magariba. Gigin tsufa shekaru yake yi yana rarrafowa. Ita kuwa wannan tana da sanadin da ake iya kamawa: zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, toshewar fitsari, faɗuwar sukari, tiyata, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafin bazara.

Inda muke sakaci shi ne bayan sallama. An dawo gida, an yi barka, sai a shimfiɗa wa Baba a ƙuryar ɗaki a hana shi komai, da sunan hutu. Amma ƙwaƙwalwa ba ta warkewa ranar da jiki ya warke. Binciken da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta fitar a 2013 kan majinyata 821 da suka kwanta a sashen kulawa ta musamman ya nuna cewa gwargwadon tsawon kwanakin ruɗewar, gwargwadon raunin tunani har bayan shekara guda. Ina ganin kammala jinya ya haɗa da horar da tunanin, kamar yadda ake koya wa wanda ya karye tafiya.

Wani zai ce wannan aikin masu kwamfuta ne, ina ruwan manomin Tudun Wada? Ai su ma manhajojin horar da ƙwaƙwalwa ba su cika alkawari ba: a 2016 kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya biya dala miliyan 2 a Amurka saboda zuzuta amfanin wasanninsa. Wanda ya yi atisaye a kan wasa, yawanci a wasan yake gwanancewa. Abin da ya nuna tasiri ya fi haka sauƙi. A 1999 Dakta Sharon Inouye ta Jami'ar Yale ta gwada wani tsari kan tsofaffi 852: a riƙa tuna musu rana da wuri, a yi hira da su, a zaga da su, a ba su tabaransu da ruwan sha, a bar su su yi barcin dare. Masu ruɗewa suka ragu daga kashi 15 cikin ɗari zuwa kusan 10. Gaskiya ne wannan hujja ta rigakafi ce, ta farfaɗowa ba ta kai ta ƙarfi ba tukuna. To amma me za a yi asara? Ba allura, ba kuɗin mota.

Kuma kayan aikin suna cikin gidajenmu. Salloli biyar agogo ne. Tilawar surorin da Baba ya haddace tun yana makarantar allo, sunayen jikoki, wasan dara, lissafin buhunan masara da farashin kwano a kasuwar Kwanar Dangora, duk horo ne, kaɗan kaɗan, a tsaya in ya gaji. Sai dai a kiyaye girma. Dattijon da ɗansa ya titsiye da "yau wace rana?" zai ji an mayar da shi yaro, ya yi shiru. Gara a je masa da neman shawara: "Baba, in mun sayar da buhu uku, zai ishe mu taki?" Jikoki, da wasan da ke tsakaninsu da kakanni, sun fi kowa iya wannan.

Addu'a ba ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amma in ruɗewar ta dawo kwatsam, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa ya yi wuya, wannan ba na dara ba ne, sabon ciwo ne ke sanar da kansa. Ga mutanen Riruwai da Doguwa, waɗanda Dajin Falgore ke tsakaninsu da manyan asibitocin Kano, asibiti mafi kusa za a nufa tun rana ba ta faɗi ba.