Zanen Arnolfini: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙara

Wani siririn mutum ne sanye da babbar baƙar malafa, ya ɗaga hannunsa na dama, na hagu kuma yana tallafe da hannun wata mace mai doguwar koriyar riga. Ga ɗan kare a gabansu, ga madubi a bangon da ke bayansu. Wannan shi ne zanen da Jan van Eyck ya yi a 1434 a birnin Bruges, cikin ƙasar Beljiyam ta yau, da fentin mai a kan allon katako mai tsawon santimita 82 da faɗin 60. Yana rataye a National Gallery ta Landan, wadda ta saye shi a 1842 kan fam 600. Duk inda hotonsa ya shiga sai an bi shi da bayani: wai matar juna biyu gare ta, wai zanen takardar shaidar aure ne, wai kowane tarkace a ɗakin akwai sirrin da ya ɓoye. Waɗannan maganganu ba nauyinsu ɗaya ba, kuma zanen ya cancanci a tace su.

Batun ciki shi ne ya fi yaɗuwa, shi ne kuma ya fi sauƙin warwarewa. A dubi hannunta na hagu da kyau. Tattaro yadin rigar ta yi ta riƙe a gabanta, domin yadin ulu ne mai kauri, an yi masa shafi da gashin dabba, kuma ya yi tsawon da sai an ɗaga shi kafin a iya takawa. Tudun da ido ke gani tarin tufa ne. Matan masu hali na wancan zamani haka suke ado, masu zane kuma haka suke fitar da surar mace. Van Eyck da kansa, a zanen da ya yi a 1437 wanda ke birnin Dresden na Jamus, ya ba waliyyiya Katarina irin wannan sura, alhali a wurin Kiristoci budurwa ce da ba ta taɓa aure ba. Kuskuren dai tsoho ne, don tun a 1700 wani magatakarda mai lissafin kayan fadar sarkin Sifen ya rubuta cewa matar mai ciki ce, amma shi ya zo ne bayan shekara fiye da 260, lokacin da wannan ado ya daɗe da ɓacewa. Wani zai ce ai akwai ɗan sassaƙen da ke saman kujera kusa da gado, wanda masana da yawa ke cewa waliyyiya Margaret ce, wadda mata ke kamun ƙafa da ita lokacin naƙuda. Ko da ita ce, iyakar abin da hakan zai nuna shi ne gidan na fatan haihuwa, fata kuwa daban, samu daban.

Maganar aure ta fi wannan tushe, don daga bakin babban masani ta fito. A 1934, shekara 500 cif da yin zanen, Erwin Panofsky ya yi rubutu yana cewa ɗaurin aure ake nunawa. Hujjarsa mai jan hankali ce. A saman madubin, da ƙawataccen rubutu irin na takardun hukuma, mai zanen ya rubuta da Latin cewa Jan van Eyck ya kasance a nan, ya sa shekara. A cikin madubin kuma ana hango wasu mutum biyu a bakin ƙofa. Ga shaidu biyu, ga sa hannu, me ya rage? Mu da muka san aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyi da sadaki da shaidu, wannan bayani nan da nan yake kwanta mana a rai. Akwai ma gaskiyar tarihi a ciki: kafin hukuncin majalisar cocin Katolika ta Trent a 1563, aure na iya inganta a Turai da yardar mutum biyu kawai, ko babu limamin coci a wurin.

Sai dai takardu sun zo sun karya ginshiƙin maganar. An daɗe ana ɗauka cewa mutanen nan Giovanni di Arrigo Arnolfini ne, ɗan kasuwa daga garin Lucca na Italiya, da matarsa Giovanna Cenami. A shekarun 1990 aka gano cewa aurensu a 1447 aka yi, shekara 13 bayan an gama zanen, shekara 6 bayan mutuwar van Eyck a 1441. Ba yadda za a yi ya shaidi auren da aka ɗaura yana kabari. Shi kansa allon ma yana da abin faɗa: matar ta rufe kanta da farin mayafi irin na matan aure, ba ta saki gashi kamar amaryar wancan zamani ba, mijin kuma hannun hagu ya miƙa mata, alhali dama ake haɗawa da dama a ɗaurin aure. Lissafin kayan gimbiya Margaret ta Ostiriya na 1516, wanda ya ambaci zanen, mutumin da matarsa kawai ya ce, bai kawo zancen biki ba. Yanzu an fi karkata ga cewa mutumin da ke zanen ɗan'uwan Giovanni di Arrigo ne, wato Giovanni di Nicolao Arnolfini. Matar wannan, Costanza Trenta, ta rasu tun kafin ƙarshen 1433, shi ya sa masaniya Margaret Koster ta kawo shawara a 2003 cewa zanen na tunawa da mamaciya ne, tana nuna kyandir da ke ci a ɓangaren mijin da wanda ya ƙone ya mutu a ɓangaren matar. Magana ce mai taɓa zuciya, amma hasashe ce, domin mutumin na iya ƙara aure.

To, alamomin fa? An ce kare aminci ne, cire takalmi girmama wuri mai tsarki ne, lemon da ke kusa da taga kuma tunin Aljanna ne. Ba a ce masu zanen wancan ƙarni ba sa magana da alama ba. Madubin na zagaye da ƙananan hotuna goma na labarin wahalar Almasihu yadda Kiristoci suka yi imani da shi, ga carbi rataye a gefensa, wannan addini ne a fili. Amma da aka haska allon da na'urar da ke ganin abin da ke ƙarƙashin fenti, sai aka tarar babu karen da wasu kayan ɗakin a zanen farko, daga baya aka ƙara su. Wannan bai hana su ma'ana ba, sai dai yana raunana zancen cewa an tsara komai tun farko a matsayin saƙon asiri.

Abin da ido zai iya tabbatarwa shi ne dukiya. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya a Mbamoi ko Jimeta ya ga jere, ya san kaya na faɗin matsayin gida ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Haka jan gadon nan yake: attajiran Bruges a ɗakin karɓar baƙi suke ajiye irinsa don a gani. Lemo daga ƙasashen kudu masu nisa ake kawo shi, da tsada. Fitilar tagulla, dardumar gabas, gilashin taga, duk sai mai hannu da shuni. Bishiyar da ke waje ta yi jajayen 'ya'ya, alamar lokacin zafi ne, amma mata da miji duka suna cikin tufafi masu gashin dabba, saboda mafi tsadar kayansu suke son a gan su ciki. Ita kanta National Gallery ba ta sa kalmar aure ko biki a sunan zanen ba. Ta kira shi hoton Giovanni Arnolfini da matarsa, ta kuma sa alamar tambaya a bayan sunan Giovanni.