Ilimin da aka kulle cikin aljihun tebur ba ya kai wa gona

Yau za mu leƙa jami'o'in ƙasarmu, don akwai wata magana da ta shafi malaman can amma ƙarshenta a gonakinmu take faɗuwa.

Shekara da shekaru jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ce kaɗai jami'ar gwamnati a Nijar. A 2010 aka samu na Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Diffa, Dosso da Tilaberi. Malamai sun bazu, abin farin ciki ne. To amma wanda ke Damagaram na iya ɓata shekara biyu yana binciken abin da wani ya riga ya gama a Yamai, kusan kilomita 900 tsakaninsu, ba wanda ya san aikin wani.

Me ke kawo haka? Na farko, ƙarin girma. Malamin jami'a yana hawa muƙami ne ta hannun hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, kuma abin da aka fi dubawa shi ne rubuce-rubucen da ya wallafa. Sai mutum ya riƙa ɓoye sakamakonsa, kada wani ya riga shi fitarwa. Na biyu, kundayen da ɗalibai ke rubutawa in za su kammala karatu sukan ƙare a kan kanta, ƙura na cin su. Na uku, dattijon malami ya yi ritaya, abin da ya tara na shekara 30 ya tafi gida da shi.

Ga misalin abin da haɗa kai ke haifarwa. Kun san tsutsar nan da ke cin zangarniyar hatsi gab da girbi. Masana na cibiyar INRAN da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, tare da takwarorinsu na Burkina Faso da Mali, sun yi aiki kan wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro mai kashe ta. Ana kiwonsa, a kai shi ƙauyuka cikin ƴan ƙananan buhuna a sake shi. Da kowa ya rungume nasa, da har yau dabarar tana ɗakin gwaji.

To ina mafita? Ba sai an kashe maƙudan kuɗi ba. Kowane kundi a sa shi a kwamfuta, inda malamin Tawa zai iya buɗe na Diffa. Kowane sashe ya ware rana ɗaya a wata, malamai su zauna kowa ya faɗi inda aikinsa ya kai, har da abin da ya gwada bai yi ba. A haɗa sabon malami da dattijo tun kafin ritaya ta zo. Kuma duk wanda ya yi amfani da aikin wani ya ambaci sunansa, don tsoron sata ne ke sa a kulle ƙofa. Shugabannin jami'a su ma su riƙa saka wa wanda ya horar da na baya.

Mu kuma ƙofar gidan rediyonmu a buɗe take. Malamin da ya gama bincike kan hatsi, wake ko kiwo, ya zo ya faɗa mana da Hausa, manoma na saurare. Ƴan uwa na waje masu koyarwa a jami'o'i, ku ma a tuna da na gida.