Ko Kun Sani? Busasshen tsumma ke cinye fentin mota

Hazon da ke rufe Maraɗi daga Nuwamba zuwa Maris yana ɗauke da ƙurar Sahara, ciki har da ta kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma akwai ɓarɓashin yashi a cikinta da ya fi fentin mota tauri nesa ba kusa ba. Fatar sheƙin da ke saman fenti kuwa, kaurinta bai kai na silin gashi ba. Saboda haka direban da ya iso daga Tibiri ko Jiratawa ya zaro tsumma ya kakkaɓe mota a bushe, kankare ta yake yi, kamar mai cuɗa tukunya da yashi. Waɗannan siraran zane masu kewaye da ake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haska, daga nan suke. Daidai shi ne a fara kwara ruwa ƙurar ta sauka, sannan a bi da soso mai laushi, a inuwa, daga rufi zuwa ƙasa. A guji omo, domin yana wanke man da ke kare fenti.

Za a ce ruwa sayensa ake yi, kuma gobe ƙurar za ta dawo. Haka ne, shi ya sa ba dole a wanke kullum ba. Ƙurar da ke kwance ɓarnarta kaɗan ce, don haka ranar da babu ruwa a goge gilashi kawai a ƙyale jikin. Fentin da ya ƙoƙe har ƙarfe ya fito, da damina ta sauka tsatsa za ta kama shi, kuma kuɗin sake fenti ya ninka na bokitin ruwa sau da yawa.