Wayar salula da sa bakin talakawa cikin shawarar hukuma: misalin gundumomin Magarya da Dungas

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba ko na'urorin sadarwa na zamani suna iya ba talaka damar sa baki cikin abin da hukuma ke yankewa game da rayuwarsa. Mun zaɓi Magarya da Dungas ne saboda yawan jama'arsu. Ƙidayar 2012 ta ba Magarya mutum fiye da 570,000, Dungas kuma, wadda aka cire daga Magarya a 2011, fiye da 350,000. Ƙasar noma ta yi ƙaranci a wannan yanki, don haka duk shawarar da ta shafi gona, ko burtali, ko rijiya, tana iya zama sanadin zaman lafiya ko na rigima.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu rarrabe ma'ana. Abin da ake kira "participation citoyenne" da Faransanci ya ƙunshi matakai uku da Hausa ke bambantawa: a sanar da mutum, a ji ta bakinsa, a dama da shi. Ra'ayinmu shi ne, na'ura tana sauƙaƙa biyun farko, amma na ukun ba aikinta ba ne.

2. Inda ake yanke shawara

An yi zaɓen ƙananan hukumomi na ƙasa baki ɗaya a Yuli 2004, aka sake a 2011 da Disamba 2020. Magarya tana da komin 7, daga ciki akwai Bande, Washa da Sasumburum. Dungas tana da 4, watau Dungas, Dogo-Dogo, Gushi da Malawa. Bisa dokar 2010 mai tsara ƙananan hukumomi, majalisar komin ce ke amincewa da kasafin kuɗi da tsarin raya komin, zamanta a buɗe yake ga jama'a, sarakunan gargajiya kuma suna halarta su ba da shawara amma ba su jefa ƙuri'a. Sai dai manomin da ke nesa da hedikwatar komin ba ya barin gonarsa don ya saurari takardun da aka rubuta da Faransanci.

A Afrilu 2024 gwamnatin soja da ta karɓi mulki ran 26 ga Yuli 2023 ta rushe waɗannan majalisu, ta naɗa wakilan da za su riƙe kominonin. Za mu koma kan wannan batu a ƙarshe.

3. Na'urar da ta dace da wurin

Salula ta shigo Nijar a 2001. Amma manyan mutanen da suka iya karatu da rubutu ba su kai 4 cikin 10 ba, matan karkara kuwa sun fi kowa baya. Ke nan duk tsarin da ya dogara ga rubutu, kamar U-Report da UNICEF ta fara a Yuganda a 2011 don tambayar matasa ta gajeren saƙo, zai ji ta bakin ƴan makaranta ne kawai. Shirin ABC da aka gwada a jahohin Doso da Damagaram daga 2009 ya nuna cewa koya wa manya aiki da waya cikin ajin yaƙi da jahilci yana ƙara musu ƙwarewa a karatu da lissafi. Wannan hanya ce mai kyau, amma doguwa ce.

Gajeriyar hanya ita ce murya. Rediyon karkara, wanda aka fara a Bankilare a 1999, ya sauya kama tun da mai sauraro ya sami damar bugo waya ana cikin shiri. Ƙungiyoyin sauraro na Dimitra, da hukumar FAO ta kafa a Nijar daga 2009, sun haɗa rediyo da salula: mata da maza da matasa kowa ya tattauna a rukuninsa, sannan a kai abin da aka tsayar gaban mai gari. Saƙon murya na WhatsApp ya ƙara faɗaɗa wannan, domin ba ya bukatar haruffa, kuma ana iya sake saurarensa.

4. Misali: ranar sakin gonaki

Kowace shekara bayan girbi hukuma tana tsayar da ranar da makiyaya za su iya shiga gonaki da dabbobinsu. Idan ranar ta zo da wuri, mai wake ko gyaɗar da bai kwashe ba ya yi hasara. Idan ta yi jinkiri, dabbobi su rasa harawa. Kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada, tun daga ƙauye har gunduma, suna cikin masu ba da shawara.

A nan amfanin waya a fili yake. Cikin kwana biyu ana iya tattara labarin inda girbi ya tsaya ƙauye-ƙauye, a ji ta bakin makiyayin da ke kan hanya, wanda ba ya zuwa taro, sannan a watsa ranar da Hausa da Fulatanci. Amma tambayoyi uku suna nan. Wa ke tace saƙonnin? Muryar mai wayar da ke da caji da kuɗin kira ita ce muryar gari? In aka tsayar da ranar da ta saɓa wa abin da mafi yawa suka faɗa, wa zai fito ya yi bayani?

5. Abubuwan da ke kawo cikas

Na farko, a gidaje da yawa wayar tana hannun maigida, mace sai ta ara. Na biyu, hanyar tana iya yankewa: bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu 2021 an katse intanet ta salula kimanin kwana 10. Na uku, tsoro. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna. An sassauta ta a 2022, aka maido da ɗaurin a 2024. Maganar da aka faɗa a dandali iska ke ɗauke ta, saƙon murya kuwa yana nan da lambar mai shi.

6. Kammalawa

Birnin Porto Alegre na Brazil ya fara tsara kasafin kuɗi tare da jama'a a 1989, ba tare da salula ba. Abin da ya sa mutane suka riƙa zuwa shi ne, sun ga aikin da suka zaɓa an yi shi. Haka abin yake a Magarya da Dungas. Zaɓaɓɓen kansila ya san zai dawo neman ƙuri'a, naɗaɗɗen wakili kuwa wanda ya naɗa shi yake ba bahasi. Saboda haka muna ganin duk wani shiri na jin ra'ayi ta waya ya kamata a auna shi da abu guda: ko an wajabta wa mai yanke shawara ya dawo, ta rediyon da aka yi tambayar, ya faɗi abin da aka ɗauka da abin da aka bari da dalili. In babu wannan, mutane za su bugo waya shekara ɗaya ko biyu, sannan su daina ɓata kuɗinsu.