Tsohon babur a zaure: abin da ake dubawa kafin a ce sai an buɗe inji

A unguwannin Hausawa na Garwa da Marwa da Njamena, har Zangon Kwatano da na Lome, ba a rasa gidan da ke da tsohon babur jingine a zaure, an rufe shi da buhu, ƙura ta yi masa riga. Wani mai shi tafiya ya yi, wani rasuwa ya yi ba a raba gado ba, wani kuma wata safiya ce babur ɗin ya ƙi tashi aka ce sai kuɗi sun samu. A yankin Diffa na Nijar ma doka ce ta ajiye babura, lokacin da hukuma ta hana hawansu a 2015 saboda hare-haren Boko Haram. Yanzu da sabo ya yi tsada, ana ta jawo waɗannan tsofaffi waje, domin babur mai tafiya jari ne: shi ne kabu-kabu a Nijar, kilando a Chadi, zemijan a Benin, bensikin a Duwala.

Inda kuɗin mai gyara ke zurarewa shi ne gaggawar buɗe inji. Babur ya shekara biyu a ajiye, an taka kik sau ashirin bai amsa ba, sai a ce fistin ne, a kwance komai a baza a tabarma. Alhali galibin baburan da zama ya kashe, cikin injinsu lafiya lau yake. Abin da ya lalace a waje yake, kuma mai haƙuri zai iya gyara shi a tsakar gida da sufana uku ko huɗu, da sukudireba, da filaya, da kalanzir.

Injin da aka ƙera don wanda ba ya zuwa gareji

Yawancin tsofaffin babura masu 125cc da ke yawo a wannan yanki jikokin Honda CG125 ne, ko da wane suna aka rubuta a tankinsu. A 1974 kamfanin Honda ya aika ma'aikatansa su zaga Tailan da Indunusiya da Filifin da Iran da Pakistan da wasu ƙasashe, su ga yadda talaka ke amfani da babur. Sun tarar ana lodin mutum uku ko huɗu a kai, ana barin baƙin mai har ya yi kauri, matatar iska kuma ta toshe da ƙasa. A 1975 suka fito da CG125. Sun sauko da sandar da ke buɗe bawul zuwa ƙasan inji, kusa da mai, ta riƙa tura bawul da wasu siraran sanduna biyu, maimakon a ɗora ta a sama da sarƙa tana jan ta. Sun kuma sa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Daga 1976 aka fara ƙera shi a Manaus ta ƙasar Brazil, har yau ana yin sa a Pakistan, kamfanonin Sin kuwa sun kwaikwayi injin suka cika Afirka da shi.

Amfanin sanin wannan tarihi shi ne kayan gyara. Fistin, zobe, gasket da kuloci na irin wannan inji suna nan a kusan kowace kasuwa, da yawansu ta Nnewi a jihar Anambra suke biyowa. Sai dai Bajaj Boxer na Indiya ba ɗan wannan gida ba ne. Shi yana da sarƙa a cikin inji, kayansa daban, awonsa daban. Kuma tun da sunan kaya na canzawa da an tsallaka iyaka, abin da ake ce wa fulogi a Kano shi ne buji a Maraɗi da Garwa, gara a tafi kasuwa da tsohon ƙarfen a hannu a gwada shi da sabo.

Takarda kafin sufana

Kafin a kashe ko dala, a goge wuyan babur, wurin da kai ke juyawa, a karanta lambar da aka buga a jikin ƙarfen, a karanta ta inji, a gwada su da abin da ke cikin takardun. Babur ɗin da ya tsallako iyaka ba takardar duwan, ko wanda aka kankare lambarsa, ana iya ƙwace shi a shingen farko, mai shi kuma ya shiga amsa tambayar da ba shi da amsarta. Wanda ya gaji babur ko ya saya a hannun wani, ya fara da wannan. A nan ne kuma ake duba ko ƙashin babur ɗin ya tanƙware ko an taɓa yi masa walda a wuya. Idan an tsaya a baya aka ga tayar gaba da ta baya ba su kan layi ɗaya, to ya taɓa faɗuwa mai tsanani, kuma babu fentin da zai miƙar da shi.

Wurin aiki ma abin dubawa ne. Fetur da murhu ba sa zama gida ɗaya, kuma a gidan haya inda ake girki a tsakar gida, tururin fetur na bin ƙasa ya iske garwashi. A yi aikin nesa da wuta, nesa da yara. Kada a tayar da inji a cikin rufaffen zaure, hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari mai yawa ba.

Mai, fetur, wuta, iska

Farko a gane ko injin na juyawa. A cire fulogi, a zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin, a danna kik da hannu a hankali. Idan ya tafi, a toshe ramin da babban yatsa a sake dannawa: iskar da ta ture yatsa da ƙarfi alama ce zobe da bawul na riƙewa. Idan kik ya ƙi motsi, tsatsa ce ta kama fistin. Kada a hau shi da ƙarfi, zobe ne zai karye. A ƙara mai da ɗan kalanzir, a bar shi kwana biyu ko uku, sannan a sa babbar giya a riƙa tura babur gaba da baya kaɗan-kaɗan.

Sai juye. Injin CG na cin kimanin lita ɗaya. A ƙasan injin ta hagu akwai babban murfi, bayansa akwai sifirin da 'yar rariya mai kama da hula. Mutane da yawa na yin juye shekara da shekaru ba su taɓa wanke ta ba. A wanke ta da kalanzir, a duba abin da ta tara: baƙin datti ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli labari ne marar daɗi. Wajen sayen mai, a nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan, mai kauri irin 20W-50 saboda zafin yankin. Dalili kuwa, kulocin babur a cikin man yake iyo, wasu mayukan mota na zamani kuma suna da sinadarin santsi da ke sa shi zamewa. Man da ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba, arharsa ba ta kai kuɗin fistin ba. Ana auna mai ne babur na tsaye cak, a tsoma ma'aunin ba tare da an murɗa shi ciki ba.

A ɓangaren fetur ne aka fi samun mai laifi. Fetur ɗin da ya daɗe yana bushewa ya bar danƙo, ruwan da ya taru a gindin tanki kuma ya haifi tsatsa. Ga shi yawancin masu babur a bakin iyaka a kwalba suke saye, wanda ake ce wa kpayo a Benin, zuwa-zuwa a arewacin Kamaru, kuma ba kullum ake tace shi ba. A sauke tanki, a zubar da tsohon, a zuba kalanzir da noti kamar cikin tafin hannu, a girgiza har hannu ya gaji, a ɗauraye, a maimaita sai abin da ke fitowa ya yi fari. A ƙirga notin kafin a zuba, a ƙirga bayan an fitar. Tankin da ya huje ba aikin gida ba ne, kuma kada a yarda a kai masa wutar walda yana warin fetur.

Kafireto shi ne wurin da ake buƙatar natsuwa. A kwance kwanon ƙasansa, a fito da ƙananan ƙusoshin tagulla biyu masu huda, waɗanda ake kira jet. Babban shi ke ba da mai idan an murɗa totur, ƙaramin kuma shi ke riƙe inji idan babur na tsaye. Hudar ƙaramin ba ta fi gashi kauri da yawa ba, ita ce ke fara toshewa, shi ya sa ake ganin babur ba ya tashi sai da cok, da an sauke cok ya mutu. A jiƙa su, a hura, a ɗaga sama a ga haske ta ciki. Idan sai an tsokane, a zare sili ɗaya daga wayar lantarki. Allura ko tsinken ƙarfe na faɗaɗa hudar, daga nan babur ya koma shan mai kamar raƙumi, ba kuma mai iya mayar da ita. Akwai ƙusar daidaita iska a gefe: kafin a cire ta, a murɗa ta ciki a hankali ana ƙirga zagaye nawa ta yi, a rubuta, don a mayar da ita inda take. Da waya a hannu, a ɗauki hoton kowane mataki. In an gama, a sa 'yar matatar roba a tiyon da ke tsakanin tanki da kafireto. Tana cikin kayan da suka fi arha a jikin babur.

Gwajin wuta ba shi da wuya. A sa fulogi a hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, a taka kik. Shuɗin tartsatsi mai ƙara shi ake nema. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Na farkon CG suna da lantarki mai bolt 6, na baya bolt 12, don haka a duba kafin a sayi batir ko ƙwan fitila. Ɓera ma na da nasa aikin: yana son wayoyin da ke ƙarƙashin kujera, yana kuma yin sheƙa a akwatin matatar iska.

Ita matatar, a ƙasar da hunturu ke busawa wata uku, ta kai baƙin mai muhimmanci. Ƙurar da ta wuce ta shiga inji tana haɗuwa da mai ta zama kamar yashin goge tukunya, ta cinye zobe da silinda. Soso ake wankewa da kalanzir, a matse ba a murɗe ba, ya bushe, a shafa masa mai kaɗan a sake matsewa. Busasshen soso ba ya kama ƙura. Wanda ya fara marmashewa a jefar da shi. Masu cire matatar gaba ɗaya don babur ya ƙara gudu, injinsu suke sayarwa da kaɗan-kaɗan.

Idan ya tashi yana ƙaf-ƙaf a sama, ko ya ƙi tashi da sanyin safiya, a duba tazarar bawul. Inji na sanyi ake yi. A juya faifan da ke gefen hagu har harafin T ya zo daidai da alama, a lokacin da hannayen bawul biyu duka suke da ɗan wasa. Awon CG125 milimita 0.08 ne. Wasu makanikai na amfani da reza, wadda ta ɗan fi haka kauri. Ma'aunin gaske ba shi da tsada. Bawul mai ɗan surutu ya fi wanda aka matse, domin matsattsen ba ya rufewa sosai, a hankali yake ƙonewa.

Abin da ke tsayar da shi

Da inji ya yi ƙara, zuciya kan tafi wajen mai fenti da mai ɗinkin kujera. Birki ne ya kamata ya riga su. Takalman birkin da suka daɗe a ajiye, fatar da aka manna musu kan saki, ta ɓalle ana cikin gudu ta kulle taya. A buɗe gaba da baya a gani da ido. Ƙurar ciki a share ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura da baki, saboda wasu tsofaffin takalma na ɗauke da asbestos mai lalata huhu. Wayar birki ko ta kuloci da sili ɗaya ya tsinke, sauran na hanya.

Taya na iya zama da zanenta cif amma ta mutu. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2316 na nufin mako na 23 na 2016. Wadda ta tsattsage a gefe ta gama aiki. A kaɗa wayoyin wili da sufana, wadda ta yi ƙarar kwano fasasshe ta saki. A ɗaga gaban babur a juya kai hagu da dama. Idan yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci. Sarƙa kuwa ana barin ta da wasa kamar santimita 2 a tsakiya, kuma idan haƙoran faifanta sun yi tsini sun karkata, a canza sarƙar da faifan gaba da na baya tare. Sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai ba ta daɗewa.

Akwai inda aikin gida ke ƙarewa. Shuɗin hayaƙin da bai daina ba bayan inji ya yi zafi, ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, giyar da ke fita da kanta, ko ɓarɓashin ƙarfe a rariya, waɗannan na makanike ne mai kayan awo, kuma a lokacin ne buɗe inji ya zama dole. In babu ko ɗaya, a sa hular kwano a zaga unguwa a hankali, a dawo a duba inda ke ɗiga, a sake ɗaure noti. Man farko ba ya daɗewa, domin shi ke wanko dattin shekarun zama: bayan kilomita 200 ko 300 a sake juye, daga nan kuma a hanyar ƙura kada a bari ya wuce 1,500. Wanda mitarsa ta mutu, kamar yawancin tsofaffin babura, ya rubuta ranar juye a bangon zaure. Tsohon man a tara shi a jarka a kai wa masu gareji, kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya.